Ƙarar Wuƙar Baba

Muntaka ne ya haɗa kiɗan a kwamfuta, amma sunan wani DJ na Duwala aka sa, kamar yadda suka yi yarjejeniya. A ƙarƙashin gangunan ya saka ƙarar wuƙar mahaifinsa, mahauci a Garwa, lokacin da yake wasa ta da safe.

Da damina tsohon ya rasu, kwamfutar kuma ta ƙone. Ƙarar ba ta saura wa Muntaka ko'ina ba sai cikin waƙar, ganguna sun danne ta. Asalinta yana wurin DJ ɗin, cikin abin da Muntaka ya tura masa.

Muntaka ya yi ta kiran DJ ɗin, sai a kira na tara ya ɗaga.

"Don Allah, maigida, ba suna nake nema ba. Ƙarar wuƙar babana kawai za ka turo mini."

"Wace wuƙa?" in ji DJ. "Kiɗan da na haɗa da hannuna?"

DJ ɗin ya kashe wayar.