Direban da Rhissa Ya Kashe

A shekarar da ba a fita Arlit sai da rakiyar soja, mutanen gari suka koyi magana ƙasa-ƙasa. Kowa ya koya, ban da Rhissa. Shi in ya kara salula a kunne, har masu lodi a tasha sai sun san abin da ake ciki. Muktari ya sha gaya masa, "Kai ɗan Abzin, rage murya, garin nan ba na da ba ne." Sai ya yi dariya ya ce ai shi ba shi da abin ɓoyewa.

Muktari mutumin Damagaram ne. Ya zo neman aiki a ramin uraniyom, ya tarar na ciki ma sallamarsu ake yi, sai ya buɗe ɗan shagon intanet kusa da tasha da tsofaffin ordinata, wato kwamfuta, guda biyar da kamfani ya zubar. Rhissa yana cikin waɗanda aka sallama. Shekara goma sha ɗaya yana gyaran na'urorin biro, wato ofis, kafin a miƙa masa takarda. Shi ya tashi na'urorin nan biyar, ya zuba musu Linux, don a cewarsa shi kaɗai ke tausayin tsohuwar na'ura. Shago dai na Muktari ne, amma a gaban baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni, shi ɗan kallo ne.

Fari ya koro makiyaya daga wajen Dannet, tawaye ya koro waɗanda fari ya rage, duk suka zube a gefen Akokan, maƙwabciyar Arlit, cikin bukkokin kwali da tabarma. Akwai wata 'yar likita, wato ƙaramin asibiti, a wurin mai ma'aikaciya ɗaya tal, wadda in za ta aika saƙon neman magani Yamai sai ta bar marasa lafiya ta hau babur ta zo shagon Muktari. Abin ya dami Rhissa. Ya ce zai tura mata intanet ta iska, ba tare da an ja waya ko taku ɗaya ba. Ya samo tsohon kwanon tauraron ɗan Adam da gwangwanin madara, ya haɗa, ya kafa a rufin shago yana kallon Akokan. Ɓangaren likita ya tashi cikin kwana biyu. Na shago ne ya ƙi, domin katin kama layin iska da wani Alhaji mai kayan na'ura ya aiko daga Kano ya zauna cikin ordinata kamar ba shi.

"Zo ka gani," Rhissa ya ce da Muktari wata rana. "A cikin na'ura akwai abin da Faransawa ke kira nuwayo, wato ƙwallon dabino. Shi ke ba kowa umarni. To shi ba ya jin yaren katin nan, sai an ɗora masa wani ɗan shiri da zai tuƙa katin. Mu a kamfani pilot muke cewa. Mutanenku na Kano direba suke cewa."

"Mutanena na Damagaram ne," in ji Muktari.

"Duk ɗaya ne, duk ba ku iya shayi ba. Ka ga matsalar? Da na kunna, nuwayo sai ya ɗauko wani tsohon direba ya ba shi kati, shi kuma ya riƙe, bai tuƙa ba, bai sauka ba."

Sati uku yana fama. Ranar Alhamis bayan la'asar ya gano bakin zaren. Ya fito ƙofar shago, inda mutum bakwai ko takwas ke zaune suna shan shayi, ya kira Alhajin Kano, ya buɗe murya yadda ya saba.

"Alhaji! Na gama da shi! Direban nan ne ya hana mu, na kashe shi! Wallahi na kashe shi, kuma na sa shi inda ba zai sake tashi ba. Gobe namu zai hau."

Muktari yana ciki yana ji, har ya yi murmushi. Bai tuna ba, kuma wannan mantuwar ba zai yafe wa kansa ita ba, cewa ran nan kwana tara ke nan da ɓatan Almu, direban tankin ruwa, wanda aka tsinci motarsa a hanyar Imouraren ba kowa a ciki. Gari duk maganar Almu ake yi. Ga kuma mai rawani, ɗan Abzin, ana tsakiyar tawaye, yana ihu a bakin tasha cewa ya kashe direba. Wanda ya kai maganar ba a san shi ba har yau, kuma duk masu shayin nan sun ci gaba da gaisawa da Muktari kamar ba komai. Juma'a da hantsi, Rhissa ya gama ɗora sabon direban ke nan, motar soja mai kaki ta tsaya. Ko takalmansa ba a bari ya sa ba.

Da yamma Dassin, matar Rhissa, ta zo shago. Ba ta taɓa taka wurin ba sai ran nan. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta yi magana da Hausarta ta mutanen Abzin, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malam Muktari, kai ne ka san. Ya gaya mini direban na cikin na'ura ne. Uwarsa ya ƙi cin abinci. An ce ran Talata za a kai su Agadas, wanda aka kai Agadas kuma ba a san ranar dawowa. Ka je ka gaya musu."

"Zan je, Dassin. In sha Allahu zan je."

Bai je ba. Asabar ta wuce yana zaune, Lahadi ta wuce yana zaune. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ya san tsoro ne. Shi baƙo ne a garin, iyalinsa suna Damagaram, kuma a lokacin nan duk wanda ya je ceton mai rawani sai a fara tambayarsa shi ma ina ya kwana. Dangin Almu suka zo suka tofa yawu a ƙofar shagonsa. Ya share da ƙasa. Sai ran Litinin, da ya ga saura kwana ɗaya, kunya ta fi tsoro ƙarfi, ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi bariki.

Ya yi sa'a, ko haka ya zata. Ofisan da ke riƙe da maganar wani kapitan ne mai ilimi, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya saurari Muktari har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato kana so in yarda akwai direba a cikin ordinata, kuma ana kashe shi."

"Ranka ya daɗe, ana kashe shi, ana tashinsa. Kamar yadda ake kashe fitila."

"Shi ma abin da yake ta faɗa ke nan. To zan zo in gani da idona. In ka kashe direba a gabana ka tashe shi, abokinka ya kwana a gidansa. In kuma ɓata mini lokaci ka yi, kai ma ka shirya."

Kafin azahar suka iso, kapitan da soja biyu. Muktari ya zauna gaban baƙin allo. Ya Allah, me zai rubuta? Sati uku yana kallon yatsun Rhissa amma ko kalma ɗaya bai riƙe daidai ba. Littafin da Rhissa ke rubutu a ciki an tafi da shi, kuma ko yana nan rabinsa da Tifinar ne, rubutun mutanen Abzin. Can sai ya tuna yadda Rhissa ke yi in ya gaji da bugawa: yakan danna maɓallin kibiyar sama, na'ura ta dawo masa da abin da ya rubuta a baya, ɗaya bayan ɗaya. Ya danna. Ga umarnin ya fito. Ya sake dannawa, ya sake, har ya ga wanda ya fara da rmmod, wanda Rhissa ke kira wuƙa.

"Ranka ya daɗe, dubi bayan na'ura. Ka ga 'yar koriyar fitilar nan a jikin kati? Direba yana raye ke nan."

Ya gyara sunan ya zama na sabon direban, ya buga. Fitilar ta mutu.

"Na kashe shi," in ji Muktari.

Ɗaya daga cikin sojojin ya fashe da dariya, ya yi sauri ya toshe baki. Muktari ya koma neman ɗaya umarnin, modprobe, ya same shi, ya buga. Shiru. Fitila ba ta kama ba. Ya sunkuya kan allo. Ya duba da kyau, ashe umarnin tsohon direban ya ɗauko, wanda Rhissa ya sa cikin jerin waɗanda aka hana tashi, kuma da ma ba ya tsinana komai. Ya share, ya nemo na sabon, ya yi bisimilla ya buga. Fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu, sannan ta tsaya kore shar.

Kapitan ya yi dariya har da dafa teburi. "Kai, Arlit! Kwana uku ina tsare da mutum a kan fitila! Sake kashe shi in gani." Muktari ya kashe, ya tayar. Aka sake dariya. Kapitan ya juya ya ce wa soja ɗaya ya tuna masa in sun koma a fito da mutumin.

Da Muktari ya tsaya nan, da shi ke nan. Haba Muktari! An ba ka abin da ka zo nema, ka yi godiya ka raka mutane bakin ƙofa mana. Amma daɗi ya ɗebe shi. Mutumin da ya yi kwana biyu yana ɓuya, yau ga shi kapitan yana dafa masa kafaɗa. Ya so a san cewa abokinsa ba wai mara laifi ba ne kawai, gwani ne, mutumin kirki ne. Don haka da kapitan ya tambaya cikin raha, yana gyara hularsa zai fita, "To shi direban me yake tuƙawa?" sai Muktari ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ka ga komai ba. Zauna ka ga aikin Rhissa."

Ya ci gaba da danna kibiya. Ya fito da umarnin da ke gaya wa kati sunan layin da tashar da zai kama, ya buga. Ya fito da wanda ke ƙwanƙwasa wa ɗaya na'urar ƙofa, ya buga. Nan da nan layuka suka fara gangarowa a allo, ɗaya bayan ɗaya, kowace daƙiƙa.

"Ka ga wannan? Akokan ce ke amsawa. Na'urar likita ce. Yau ne farkon da na gan shi da idona, ko shi Rhissa bai kai ga gani ba."

"Akokan," in ji kapitan. Ya daina gyara hula. "Ina wayar ta bi?"

"Babu waya, ranka ya daɗe! Ta iska ne. Daga kwanon da ke kan rufi."

"Ta kamfanin tarho take bi?"

"Ko kusa. Daga nan sai can, ba ruwan kowa. Ko an yanke salula a gari duka, wannan yana aiki."

Kapitan ya fita ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kwanon da gwangwanin madara. Ya dawo ya tsaya a kan Muktari, ya yi magana a hankali, babu fushi ko kaɗan a muryarsa.

"In aka juya kwanon nan ya kalli duwatsu fa?"

A nan ne Muktari ya gane. Cikin duwatsun nan 'yan tawaye suke. Ya so ya ce ba zai yi ba, ya so ya ce duwatsu sun yi nisa, amma layukan suna ta gangarowa a gabansu, kuma shi da bakinsa ya gama yabon abin.

"Ranka ya daɗe, don marasa lafiya aka yi. Sai in akwai wata na'urar a can..."

"Sai in akwai wata a can," kapitan ya maimaita. "Na gode, Malam. Maganar direba ta mutu, na yarda bai kashe kowa ba. Wannan kuwa ta fi ƙarfina, ta Agadas ce." Ya ce wa sojojin su sauko da kwanon, su ɗauki na'urar, kuma a aika Akokan a ɗauko 'yar uwarta.

Muktari ya bi su har mota yana ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Ya ce shi ne mai shago, a tafi da shi. Kapitan ya ce ai ya gani da idonsa cewa shi kibiya kawai ya iya dannawa, wanda ya san aikin suke so. Motar ta tashi da kwanon a bayanta.

Dassin tana tsallaken hanya, a inuwar wani kamyo, babbar motar kaya, da ya lalace. Tun safe take wurin, da takalman mijinta a ƙulle cikin gefen mayafi. Ba ta ji abin da aka faɗa a ciki ba, dariyar dai ta jiyo. Ta tsallako da sauri, fuskarta a sake.

"Malam Muktari, na ji suna dariya. Ya yi? Na'urar ya tashi?"

Muktari ya dube ta. Ya nemi ƙaryar da zai yi mata, bai samu ba.

"Ta tashi, Dassin," ya ce. "Da hannuna na tashe ta."

"Alhamdulillahi," in ji ta. "To bari in je in ɗora masa ruwan wanka."