Bas ɗin Mainasara a Hanyar Baure

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mainasara yana auren Haulatu, amma surukarsa Iya ba ta taɓa shiga motarsa ba. Sai da sunan jikanta ya zo a Baure ta aiko masa ta bakin 'yarta cewa shi zai kai ta. Ba ita kaɗai ba, har da ragon sunan, wanda ta yi wata huɗu tana kiwonsa da harawa da dusa a gidanta na Daura. Da hantsi liman zai raɗa suna. Idan rago bai iso a kan lokaci ba, Mainasara ya san sunan wanda za a riƙa ambata a dangi har yaron ya yi gemu.

Ya aro ƙaramar tirela mai taya biyu ya ɗaura a bayan bas ɗinsa. A ciki aka jera itace, da tukwane, da bokiti biyu na ƙullun waina, aka ɗaure rago a gaban tirelar, ta wajen mota. Ya kuma lallaɓi maƙwabcinsa Jafaru makaniki ya raka shi, saboda tsaro. Tun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar Mainasara ya rataya labule a bayan kujerar direba, mata a baya, maza a gaba. Ranar nan ya gode wa labulen, domin ya raba shi da haɗa ido da Iya a madubi.

Ana idar da asuba suka ɗau hanya. A cikin gari babu laifi. Suna hawa titin Zango ya taka totur, sai mota ta yi nishi ta ƙi gaba. Ya sauko giya ta uku, ya sauko ta biyu. Wani tsoho a kan keke, da damin kara a baya, ya wuce su, har ya tsaya yi musu barka da asuba.

Daga bayan labule Iya ta tambayi Haulatu ko dama haka motar take, ko kuwa don ta ga baƙi ne.

Mainasara ya gangara gefen titi. Jafaru ba mutum ne mai gaggawa ba, ya ce a bi abu daki-daki. Ya fara ɗaga bakin tirela ya ji nauyinta, ya ce kayan nan ko jaki biyu sa ja. Ya dafa tayoyi ɗaya bayan ɗaya ko birki ne ya riƙe, ya ji su da sanyi. Ya sunsuna ko kuloci ne ke ƙonewa, bai ji ƙauri ba. Ya ɗaga kujerar da inji ke ƙarƙashinta ya kwance filogi, ya busa, ya mayar. Ya kakkaɓe matatar iska, ya zuƙi mai da baki ya tofar, ya ce mai yana zuwa. Rana kuwa ta fara leƙowa ta bayan gonaki.

"Mutumina, motarka lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Kunyar suruka take ji, irin mai ita."

Mainasara ya roƙe shi ya rage murya. Jafaru ya ce ya tayar da inji, shi kuma ya zaga baya ya sa tafin hannu a bakin salansa. Maimakon hayaƙi ya bugo shi, sai ya ji ɗan huci kamar na mai barci. Ya lanƙwasa waya ya zura, ya yi ta jawowa, sai ga tsumma ya fito, an cusa shi da kyau. Ya ɗaga shi sama yana shirin tambayar wane ja'iri ne ya yi wannan aiki, Mainasara ya damƙe masa hannu. Atamfa ce mai zanen tattabaru. Tsohon zanen Iya ne, wanda take yin gammo da shi.

Haulatu ta sauko ta raɗa masa yadda aka yi. Lokacin da yake ɗuma inji a ƙofar gida, Iya ta ga hayaƙi yana bugun hancin ragonta da bokitan ƙullu. Da ya shiga masallaci sai ta toshe ramin, har da sa muciya, kamar yadda take toshe bakin tulu. Mainasara ya ce ta yi wa Iya bayani. Haulatu ta ce ai motarsa ce. Shi kuwa a shekara goma sha ɗaya maganarsa da Iya ba ta wuce gaisuwa a durƙushe ba, ina zai fara da cewa ita ta kashe masa mota? Ya cusa tsumman a aljihu, aka sanar da bayan labule cewa filogi ne.

Mota ta tashi kamar an canza ta. Suka wuce mai keke, Jafaru ya mayar masa da barkarsa ta taga. Bayan sun wuce Zango igiyar itace ta kwance, suka tsaya ɗauri. Iya ma ta sauko, ta ce za ta duba rago. Ba su yi nisa da tashi ba mota ta koma nishinta na ɗazu.

Jafaru bai ko ɗaga kujera ba. Ya ɗauki wayarsa ya nufi baya, ya zaro ɗankwali.

"Wannan kuma da me za mu ce? Filogin ai huɗu ne, saura uku."

Mainasara bai yi dariya ba. Hantsi ya kusa, ga Baure da saura, kuma ya san muddin Iya na da ƙyalle a jikinta, duk inda aka tsaya haka za a yi. Ya tsaya yana kallon rago, rago yana kallonsa yana tuƙa. Can sai ya ɗaga murya, yana fuskantar Jafaru amma yadda za a ji a bayan labule, ya ce shi fa hankalinsa bai kwanta da hayaƙin nan da ke dukan dabba da abincin jama'a ba, gara a sake shiri.

Aka shigar da bokitan ƙullu tsakanin ƙafafun mata. Rago kuwa Jafaru ya ce namiji ne, ba za a kai shi bayan labule ba. Aka tura shi kujerar gaba, Jafaru ya rungume shi ta ƙaho, Mainasara yana canza giya yana ture gindin ragon. Daga baya aka ji Iya tana ce wa Haulatu ashe dai yaron yana da lura.

Sun shiga Baure liman ya riga ya zauna a tabarma, ana rabon goro, mahauci yana wasa wuƙa yana duban hanya. Jama'a suka ga rago ya iso a gidan gaba yana leƙen gilashi, aka rasa mai fara addu'a don dariya. Aka sauke shi, aka raɗa wa yaro suna Nu'uman.

Mainasara ya zaga ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa kansa a ƙasa. Iya ta sauko a hankali, ta gyara mayafi, ta dubi 'yarta.

"Ki gaya wa mijinki da la'asar zai mai da ni gida. Kuma gaba zan zauna, na ga wurin da faɗi."

Mainasara ya amsa wa ƙasa da "to". Jafaru ya karkaɗe gashin rago daga rigarsa, ya ce shi a motar haya zai koma.