Fis Ɗin Ƙarshe a Hanyar Atok

Ƙarfe biyu na rana shugaban ƙauye ya bi gida-gida yana cewa kowa ya fita. Kwana uku ke nan ana ruwa ba sassauci, ƙasar da ke saman gonakin kabejinmu kuma ta fara tsagewa. Aka ce a tattara a makarantar firamare da ke ƙasan dutse.

Mota ɗaya ta rage a unguwarmu, tsohuwar motar ɗaukar kaya da mahaifinmu ya bari. Ta girme ni. Yayana Severino ne ke jan ta, ni kuma tun ina budurwa nake riƙe wa Baba sufana, saboda haka na san cikinta daidai gwargwado. Muka loda mutum goma sha ɗaya a baya, aka lulluɓe su da tamfol. Kaka Ubing, tsohuwar maƙwabciyarmu da ƙafa ta daina ɗauka, muka sa ta gaba a tsakaninmu.

Rana ce, amma gajimare ya sauko ya zauna a kan hanya, ko bakin bonet da ƙyar ake gani. Hagu dutse, dama rami. Ba mu yi nisa ba fitilun gaba suka yi fari, suka mutu.

Severino ya taka birki. "Fis ne," in ji shi. Ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya zaro shi, ya ƙone ƙurmus. Ya sa sabo daga gwangwanin da muke ajiyarsu, fitilu suka kawo. Lanƙwasar hanya biyu kawai muka wuce suka sake ɗaukewa.

"Saura nawa, Manong?" Haka muke kiran yaya namiji a wurinmu.

"Babu."

A hanyar nan idan ba fitila, mai tahowa ba zai san da kai ba sai ya hau kanka. Tsayuwa ma ba ta yi, don ƙananan duwatsu sun fara gangarowa suna dukan rufin mota. Wata mata a baya ta buga gilashi tana tambayar lafiya.

Severino ya zaro kwalin taba ya fara yago takardar nan mai ƙyalli.

"Me za ka yi?"

"Naɗe fis ɗin zan yi, wuta ta wuce."

"Ka naɗe, waya ta kama da wuta da mutane a baya? Fis ba ya ƙonewa a banza, wani wuri waya ke taɓa ƙarfe."

"To malamar wuta, nuna mini wurin! Kina ganin dutse na zubowa."

Na fita cikin ruwa na ɗaga bonet, na bi wayoyin da tocila tun daga bayan fitilu har kan batir. Tsofaffi ne, duk salatef, amma ban ga inda ta goge ba. Na girgiza kan batir, daram. Na dawo jiƙe sharkaf.

Kaka Ubing ta ce, "Pacita, ni fa ban san mota ba. Amma duk sau biyun, sai da yaron nan ya buga ƙafarsa ta hagu kafin duhu ya zo."

Muka kalli juna. A tsofaffin motoci irin wannan, makunnin da ke ɗaga hasken fitila a ƙasa yake, da ƙafa ake taka shi. Na tura Severino gefe na yaye tabarmar roba. Ruwa ya kwanta a wurin, ƙarfen ya ci tsatsa, ga wayar babban haske ta saɓule tana kwance a kan ƙarfe tsirara. Da ya taka, sai wuta ta bi jikin mota.

Na yanke ta da filaya, na naɗe bakinta. Na cire sauran wayoyi biyun daga makunnin na murɗe su tare, yadda ƙaramin haske zai tsaya shi kaɗai. Salatef ya ƙi kamawa saboda laima, sai da na goge wayar da haɓar rigata.

"Fis fa?" in ji Severino, murya ƙasa-ƙasa.

Cikin fis-fis ɗin da ke aiki a jikin motar, biyu ne girmansu ya yi daidai, na hon da na abin share gilashi. Muka zaɓi na hon. Ya cusa shi, ya kama makunni, ya kasa ja.

"Ja mana, Manong."

Ya ja. Haske rawaya ya faɗa cikin gajimaren. Na ƙirga har ashirin a zuciyata, bai ɗauke ba.

Na leƙa baya na ce duk mai tukunya ya fito da ita, ya riƙa bugawa a kowace kwana, tunda ba mu da hon. Haka muka gangara da giya ɗaya, tukwane na ƙara, ni kuma na durƙusa a ƙasa na dafe wayar da yatsu ina jin ko za ta yi zafi. Sau ɗaya wata bas ta ɓullo daga kwana, ta kauce da ƙyar. Ban gan ta ba, ihun na baya kawai na ji.

Kafin ƙarfe biyar muka shiga harabar makaranta. Aka sauke Kaka Ubing a kan kujera. Severino ya kashe mota, ya daɗe a zaune bai saki sitiyari ba. Ni kuwa gwiwoyina sun ƙage, sai da mata biyu suka kama ni na miƙe.

Washegari aka zo da labari cewa ƙasa ta zafto ta rufe gonaki huɗu, har da tamu. Gidaje kam ba ta kai gare su ba.