Saiwar Iku

Gudun bakin mutane ya kashe wanda cuta ta ƙyale. A Wambai aka yi, a gidan da ke jikin katangarmu.

Isiyaku na tsaye a zaure ya hango ƙanensa Almu tafe daga Iku, ƙafa duk laka, matarsa Sailuba na bin sa a baya. Tun da aka gama yaƙin basasa ɗan Almu bai dawo ba, ya rufe keken ɗinkinsa. Ba ciwon kai, ba zazzaɓi, sai zama. A ajiye tuwo, a ɗauke tuwo. Sailuba ce ta kai shi wurin Asibi, wata tsohuwa mai magani a Iku. Ita kuwa ba ta ba da magani a tafi da shi gida. Mai ciwo zai tako da ƙafarsa, ya sha rabin ludayi na jiƙon wata saiwa, ya zauna cikin jikokinta su ɓare gyaɗa, sannan ya koma.

Ya fara cin abinci kuwa. Amma Isiyaku na neman sarautar mai unguwa, kuma an fara raɗa cewa akwai taɓin hankali a gidansu.

"Daga yau an daina wannan yawon," in ji shi.

"Yaya, jiya fa har zare ya tambaye ni," in ji Sailuba.

"Zare! Kina yawo da shi gari-gari kamar akuyar sayarwa. Maganin zai zo ya same shi a ɗaki."

Da kansa ya je Iku. Asibi ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, saiwar nan kai take hawa. Kaɗan, zuciya ta yi sauƙi. Da yawa, barcin da za ta sa ba ni da makarinsa. Kuma tafiyar ma magani ce."

"Iya, ni saiwa na zo nema, ba wa'azi ba."

Ta hana shi. Sai ya lallaɓi wani mai yi mata haƙa, ya dawo da buhu guda. Ya ce abin da ludayi ke yi a wata, kwano zai yi a mako. Ya tafasa har ruwan ya yi baƙi, ya sa Almu a ɗakin ƙurya, ya hana shi ko leƙa zaure.

"Yaya, ya yi ɗaci da yawa," in ji Almu.

"Shanye. Lafiya ba ta zuwa da zuma."

Ya shanye, don bai taɓa musa wa yayansa ba. Ya yi ta barci. In ya farka ya ce, "Yau ba za mu Iku ba?" Sailuba ta dubi ƙofa. Ran Laraba da hantsi ta taɓa shi ta ji sanyi.

Garin gyaran gira an rasa ido. Ƙane ya tafi. Sailuba ta gama takaba ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu a Kurmin Sarki, ko sallama ba ta yi wa Isiyaku ba. Mai unguwa aka ba wani. Maganar da ya guda kuwa har mahauta sun ji ta.

Yanzu in an yi la'asar yakan shimfiɗa babbar tabarma a ƙofar gida, ya zauna a gefe guda. Kaji ne ke hawa ɗaya gefen.