Haƙorin da Umma Ke Yanke Zare da Shi

Ni dai tun ranar farko ban yarda da likitan nan ba. Ya cika taushin murya, kuma komai ka tambaye shi sai ya yi murmushi tukuna kafin ya amsa. A sito nake aiki, ni ke karɓar kaya idan mota ta sauke, kuma kwalin da aka fi gyara wa salatif shi nake fara farkewa. Mutanen gidanmu suna cewa na cika zargi, amma idan za a sayi firij ni ake kira.

Haƙorin Umma ne ya kai mu wurinsa. Baba ya zame a banɗaki, ta tare shi, ƙeyarsa ta daki bakinta, haƙorin gaba na sama ya fita ɗungurungum. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ita ma da ta kurkure jinin cewa ta yi ba komai, dama tsufa yana hanya.

Sai dai Baba ya daɗe yana fama da ciwon mantuwa. Sunayenmu sun zube masa ɗaya bayan ɗaya. Ni autarsa, yau in zama ƙanwarsa, gobe in zama ma'aikaciyar asibiti. Umma kaɗai ta rage masa, kuma daga hannunta kawai yake karɓar maganin hawan jininsa. Tela ce, ta tsufa a kan keken ɗinki, ga ta da wushirya, ga dariya a kusa. Da haƙorin ya fita wushiryar ta zama giɓi, maganarta ta canza, ta koma rufe baki da tafin hannu, dariyar ma ta daina. Ba a jima ba Baba ya dube ta da safe, tana miƙa masa ƙwayar magani da kofin ruwa, ya juyo gare ni.

"Wace ce wannan?"

"Umma ce, Baba. Matarka."

"Ƙarya kike. Ina kuka kai ta?"

Daga ranar ya datse baki. In an matsa masa ya karɓa, sai ya ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, daga baya in share su a bayan kujera. Ya fara ɓoye rediyonsa cikin rigar matashi, wai baƙuwar nan idonta na kanta. Aka auna jininsa a asibiti, suka ce in aka ci gaba a haka shanyewar jiki ake gudu. Umma ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa, ni kuma na tsaya a falo zuciyata na tafasa, ba ni da wanda zan yi wa faɗa.

Ɗakin likitan haƙorin yana saman bene, sama da wani shagon gilashin ido. Kujera mai kwanciya, fitila mai dogon wuya, ɗan kwanon tofi a gefe, ga hoton wata mata a bango tana washe haƙora farare tas, irin waɗanda ban taɓa gani a bakin mutum mai cin abinci ba. Ya leƙa bakin Umma da ɗan madubinsa, ya ce gada za a yi.

"Gada kuma?" na ce.

"Gadar haƙori. Kin ga waɗannan biyun da ke gefen giɓin? Su za mu rage wa jiki, mu sa musu hula, sabon haƙorin ya rataya a tsakaninsu. Dukansu a haɗe suke zuwa, a manne su gaba ɗaya."

"Tsaya, Likita. Ɗaya ne ya fita. Kai kuma kana cewa a feƙe lafiyayyu biyu kamar fensir?"

Ya yi murmushin nan nasa. Ya ce akwai dashe, wanda ake kafawa cikin ƙashi, amma ƙashin Mama ya yi laushi a wurin, ga ciwon suga. Akwai kuma na cirewa da mayarwa. Umma ta sauke hannu daga baki ta ce ba ta son abin da za ta kwana tana jiƙawa a kofi, Baba ya gani ya ce mayya ce.

"Umma, mu je wani wurin a sake dubawa."

"Auta, babanki ba ya shan magani," ta ce. "A yi."

Aka yi mata allurar kashe zafi, injin ya hau kuka, ƙaurin haƙori ya cika ɗakin. Ina tsaye a kansa ina kallon ƙurar lafiyayyun haƙoran uwata tana bin ruwa zuwa cikin tiyo. Wallahi har yau in na tuna raina sosuwa yake. Ya cusa mata wani abu mai danƙo a baki ya ɗauki siffar wurin, sannan ya manna mata na wucin gadi, na roba, kafin a haɗo na gaskiyar. Farare sol, a jere reras, ba wushirya ba komai. Na dube su na ce to, ko ba komai an rufe giɓi.

Muna shiga gida Umma ta daure ta yi wa Baba murmushi. Ya ja baya har kujerar ta yi ƙara.

"Waccan mai giɓin ta tafi, an kawo wata," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Kar ki ci abin da ta dafa."

Umma ta ajiye kofin ruwan a kan tebur a hankali, ta wuce kicin.

Washegari ta ce in raka ta wurin likita. Na ce ai ba a ce mu dawo yau ba. Ta ce in ba zan je ba ta san hanya. Muna isa ta ce in jira a waje. Ni, a waje! Na zauna a kan bencin jira, amma ƙofar ba ta rufu duka ba, ni kuma ban ga dalilin taimaka mata ta rufu ba. Na hangi Umma ta buɗe jaka, ta ciro wani abu ƙunshe a ƙyalle ta miƙa masa. Ya buɗe, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya juya shi da ɗan yatsa, ya jefa a wata 'yar leda ya sa a aljihun farar rigarsa. Suna magana ƙus-ƙus, yana gyaɗa kai.

A hanya na duba kunnuwanta. 'Yan kunnenta suna nan. Zobenta ma yana nan.

"Me kika ba shi?"

"Abina ne."

"Umma, mutanen nan in suka ga tsohuwa…"

"Wa kike kira tsohuwa?"

Da muka dawo na bi akwatin sarƙoƙinta, ba abin da ya yi ƙafa. Gwangwanin maɓallanta ne kawai na tarar a buɗe a kan keken ɗinki, keken da tun faɗuwar Baba ba ta taka ba. Sai kuma likitan ya kira ya ce aikin zai ƙara ɗaukar lokaci, mai haɗa haƙoran zai sake shi daga farko. Na ce ai dama. Kayan da aka ce yana hanya, yana hanya, na san yadda yake isowa. Su suna jan lokaci, ƙafafun Baba suna kumbura, ni ina share ƙwayoyi a bayan kujera.

Ranar sawa ban yarda an bar ni a waje ba. Ya ɓalle na robar, ya buɗe wani ɗan akwati, ya gwada gadar a bakinta, ya ce ta cije a hankali. Na matso na leƙa, na ji jinina ya hau kai. Haƙoran ba farare ba ne, sun yi ɗan rawaya-rawaya. Tsakanin na gaba biyu ga tazara a buɗe. Sabon kuma, wanda aka yi duk wahalar dominsa, ga wata 'yar tsaga a bakinsa.

"Likita, kar ka manna wannan. Fasasshe ne. Ko a hanya ya faɗi, ko na wani ne aka dawo da shi kuka ce bari a liƙa wa wadda ba ta da baki. Dubi nan! Ko haɗuwa ba su yi ba."

Bai yi murmushi ba wannan karon. Ya dubi Umma. Ta ɗaga hannu, ya zare mata audugar da ke gefen kumatu.

"Auta, zauna, kina tsaya masa a haske," ta ce. "Haƙorina na kawo masa. Yana cikin gwangwanin maɓallai tun ranar da ya fita. Na ce a yi mini irinsa sak."

"Har da tsagar?"

"Zare ne ya ci wurin. Tun kafin a haife ki da shi nake yankewa."

Likitan ya juya gadar ya nuna mini bayanta. Saboda a bar wushiryar a buɗe, sai da aka zagaya da wani siririn ƙarfe ta ciki, inda ba a gani, shi ya riƙe haƙoran biyu. Ya ce shi ya ja lokacin. Na karɓa na duba da kaina, na ɗan gwada lanƙwasa shi, bai motsa ba. Na miƙa masa ba tare da yabo ba, don har yanzu lafiyayyu biyu ya feƙe. Ya manna, ya kankare abin da ya tsattsafo a dasashi, ya nuna mata yadda za ta riƙa zura zaren sakace ta ƙarƙashi.

"Amma Mama, don Allah, ban da yanke zare da shi. Tsagar ta kallo ce kawai."

"To, Likita," ta ce, da muryar da take ce wa masu kawo ɗinki gobe za a gama.

Mun iso gida da la'asar, Baba yana kujerarsa, matashin da ke ɗauke da rediyo a kan cinya. Umma ta yi sallama, ta tsaya a gabansa ta yi murmushi, leɓenta na sama bai gama sakewa daga allura ba. Ya kalle ta, ya kawar da kai wajen taga. Duk ƙaurin nan, duk jiran nan, a banza.

Ita kuwa Umma rigarsa take kallo. Ta lura maɓallin wuyan rigarsa yana lilo, ta ɗauko allura da zare daga gwangwani, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da shi. Ya ƙanƙame matashinsa, amma bai hana ta ba. Ta ɗinke maɓallin yana jikinsa, ta ƙulle, ta sunkuya ta kai zaren baki.

"Umma, likita ya ce…"

Ƙat, ta yanke.

"Ke 'Yar Tela," in ji Baba, da faɗansa na da. "Sau nawa zan ce miki ga almakashi? Wata rana sai haƙorin nan ya fita."

Umma ta fashe da dariya, bakinta a buɗe, wushirya a waje, hawaye na bin kumatunta. Ta miƙo mini hannu ba tare da ta waiwayo ba, na zuba mata ƙwayar a tafi, na kawo ruwa. Ya karɓa ya haɗiye, har ya buɗe baki ta gani, yadda suka saba. Sannan ya jawo hannunta, ya rage murya, wai kar in ji.

"Da ba kya nan wasu mata biyu sun zo gidan nan. Ki duba kayanki." Ya nuna ni da haɓa. "Da wannan suka haɗa baki."

"Zan duba," Umma ta ce, tana gyara masa wuyan riga. "Ita wannan bar ni da ita, na san halinta."