Wasiƙar Malam Fensir

"Ki ce an samu, shi ke nan," na ce mata. "Bakinki zai karye ne?"

Muna tsaye a ƙasan matattakalar gidanmu na haya, na riƙe igiyar jakarta don kada ta wuce ni ta hau bene. Mai Tabarau muke ce mata. A ofishinsu Malam Fensir take aiki, shi ya koya mata komai tun tana budurwa, ga shi yanzu ita ma furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali.

"Gwaggo, ban taɓa yi masa ƙarya ba."

"To yau ki fara. Ni tun ina ƙarama nake yi, kin ga wani abu ya same ni?"

Ba ta yi dariya ba. Mutanen ofishin nan ba sa dariya, kamar ana yanke musu albashi a kanta.

Ƙofata da ƙofar Malam Fensir suna kallon juna, bangon kicin ɗinmu kuma ɗaya ne, siriri, ko cokali ya faɗi a wajensu sai na san na shayi ne ko na miya. Ba laɓe nake yi ba, maganar ce take shigowa da ƙafarta. Sunan Fensir ni na laƙaba masa, don ban taɓa ganin kunnensa babu fensir a maƙale ba. Shi kuma ya rama da Gidan Rediyo. Idan muka haɗu da safe sai ya ce, "Gidan Rediyo, me aka wayi gari da shi?" Na ce, "An ce wani tsoho yana auren takardu." Ya gyara hula ya wuce.

A gidan adana takardun tarihi ya ƙare rayuwarsa, kuma kan takardun mutum ɗaya, wani Farfesa, wai masanin falsafa. Na tambaye shi mece ce falsafa, ya ce mutum ne ya zauna ya yi tunani mai zurfi. Na ce ni ma kullum a kai nake, ba wanda ya ajiye mini takarda. Da Farfesan ya mutu, 'ya'yansa suka kwashe wasiƙunsa cikin akwatunan kwali suka kai can, ɗaki guda cike har rufi. Aikin Malam shi ne ya buɗe akwati, ya ɗauki wasiƙa, ya rubuta mata lamba da fensir a kusurwa, sannan ya cika mata kati: wa ya aiko, yaushe, shafi nawa, a kan me. Farfesan yana ajiye kwafin duk amsar da ya rubuta, to idan an sami amsa sai a haɗa ta da wasiƙar a jaka ɗaya.

Duk gidan nan mun san abin da ya kai shi wannan aiki, don shi da bakinsa yake ba da labari ko ba a tambaye shi ba. Yana saurayi, ƙaramin akawu, ya karanta a jarida Farfesa ya ce haƙuri ba komai ba ne illa tsoro da ya sa tufafi masu kyau. Abin ya tsaya masa a wuya. Ya zauna ya rubuta masa doguwar wasiƙa yana musu da shi, ya kai gidan waya. Amsa ba ta zo ba. Shi dai ya tsaya a kan cewa an rubuta ta, a hanya ta ɓata.

"Mutumin da yake amsa wa yaran makaranta, ni zai ƙi amsa wa?" haka yake cewa. "Kwafin yana cikin akwatunan nan. Zan iso gare shi."

"To ka zazzage su duka rana ɗaya mana, ka huta."

"Akwati ana buɗe shi ne bi da bi, yadda ya zo. Ba a tsallake."

"Wa zai gan ka?"

"Ni."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har gashinsa ya zube, har aka yi masa ritaya ya ci gaba da zuwa ba ko sisi, har ƙafafunsa suka kumbura, matattakalar nan ta gagare shi. Saura akwati ɗaya ya kwanta. Mai Tabarau ce ta buɗe shi, shi ya sa ta zo ranar da fuskarta kamar an aiko ta da saƙon mutuwa. Ni kuwa tun daga taga na karanta fuskar, na sauko da gudun tsufa na tare ta.

Ta gaya mini a tsaye. Wasiƙar tana nan, a can ƙasan akwatin, cikin tarkacen takardun gayyata da tallan littattafai. Ta gane ta da rubutun bayan ambulan. Babu amsa. Ba a ma buɗe ta ba, bakinta a manne yadda ya manne shi.

Muna cikin haka matarsa ta leƙo daga sama. Tela ce, ƙawata, idan mun ga dama. Ta sauko da zare maƙale a zaninta, ta ji komai, ta daɗe tana kallon bango.

"Ki faɗa masa abin da Gwaggo ta ce," ta ce. "Ya samu ya tafi da wani abu a hannu. Ni dai ban samu ba. Shekara da shekaru ina magana a ɗakin nan yana cewa 'uhm', kunnensa yana wajen matacce."

Muka hau mu uku.

An dawo da gadonsa falo saboda iska, kusa da keken ɗinki. Ɗakin yana warin man zafi da sabon yadi. A kan kujera kwalaben magani ne da kofin shayi da ya huce ya yi fata. Ya rame har zoben hannunsa yana yawo, amma fensir yana kunne. Tela ta ce idan ta cire masa ba ya barci.

"Gidan Rediyo har da ke? To labari ya lalace."

"Na zo in ga ko ka bar mini kujerar nan a wasiyya."

Ya juya ga Mai Tabarau. Ta durƙusa a gefen gadon ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta sake tambayar jiki.

"Kin buɗe?" ya ce.

"Na buɗe, Baba."

"Tana ciki?"

"Tana ciki."

Na taka mata ƙafa a hankali.

"Da amsa," ta ce, tana kallon zanin gado. "Kwafi ne, ya ɗan dushe. Ya ce... ya ce ka yi gaskiya a wasu wurare. Ya gode."

Wallahi na ga fuskar tsohon nan ta buɗe kamar an ɗaga labule. Ya nemi a tayar da shi zaune. Tela ta cusa masa matashi a baya. Ya dube ni.

"Kin ji ko? Ki watsa."

"Har ƙasashen waje," na ce.

Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma mutum ba ya barin halinsa don zai mutu. Ya ciro fensir daga kunne, ya ce a miƙo masa kati, a aljihun rigarsa da ke rataye akwai su. Wai shi zai cika na wannan da hannunsa. Ya ɗora katin a kan tire, ya rubuta lambar da ta faɗa masa, ta faɗa masa shekarar da ke jikin tambarin gidan waya, ita ma ya rubuta.

"Shafi nawa?"

"Amsar? Ɗaya ne."

"Tawa."

Mai Tabarau ta dube ni. Ni ban san akwai rami a nan ba, da na cike shi tun a ƙasa.

"Yo kai da ka rubuta ba ka sani ba?" na ce. "Ka sa abin da ka tuna."

"Ba a cika kati da tuni, Gidan Rediyo. Da abin da ke gabanka ake cikawa." Idonsa yana kanta. "Shafi nawa kika ƙirga?"

"Ban ƙirga ba, Baba."

"Kin manta?"

"Na manta."

"Ke? Ranar da kika fara aiki me na ce miki?"

Muryarta ta yi ƙasa. "Kafin a karanta, a ƙirga."

"Kin taɓa tsallakewa?"

Ta sunkuyar da kai. A waje mai gyaran takalmi yana ta ƙwanƙwasa akwatinsa yana wucewa, muna jinsa har ya sha kwana. Malam ya dubi katin, ya dubi fensir, ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Abu ɗaya ne yake hana a ƙirga shafi," ya ce.

Ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Ban taɓa ganin idonta tsirara ba sai ranar, ƙanana ne, jajaye.

"A manne take?"

"A manne take, Baba."

"Ko ɗan yagewa a gefe? Wani lokaci Farfesa yana fara buɗewa da yatsa sai a kira shi."

"Babu."

Ya gyaɗa kai a hankali kamar an gaya masa farashin da ya riga ya sani. Tela ta koma kan keken ɗinkinta ta zauna ta ba mu baya.

"Ni na sa ta," na ce. "Idan faɗa za ka yi, ga ni."

"Na sani. Ita ba ta iya ba, ke kuma ba ki san aikin ba."

Sai Mai Tabarau ta matso ta kama bakin gadon. "Baba, in buɗe ta. Gobe in buɗe, in karanta, in cika katin yadda ya kamata. Ko mutum ɗaya ya karanta ta a gidan nan. Ba wanda zai ce komai."

"Abin da ya zo a rufe?"

"Baba..."

"Abin da ya zo a rufe?"

"A rufe yake zama."

"To."

Ya juya fensir ya goge inda ya fara rubuta sunansa, ya hure garin roba daga kan katin. Hannun ya ƙi tsayawa, sai ya miƙa mata.

"Rubuta. Shafi: ba a buɗe ba. Batu: ba a buɗe ba. Akwai suna a bayan ambulan?"

"Babu. Na Farfesa kawai."

"Na ɗauka rashin kunya ne in sa sunana a waje," ya ce, kamar da kansa yake. "To rubuta. Mai aikowa: ba a sani ba."

"Amma na san rubutunka."

"Wanda zai zo bayanki bai sani ba. Da me zai tabbatar?"

"Kai dai mugun taurin kai gare ka," na ce. "Ga suna kyauta za a saka ka a littafi tare da manya, kana gogewa."

"Kashe rediyon nan," ya ce, amma ba ƙarfi.

Ta rubuta. Ya karɓa ya duba, ya nuna mata wani harafi da bai fita ba, ta gyara. Sannan ya ce a kwantar da shi. Bai mayar da fensir kunne ba, a kan tire ya bar shi.

Ya ƙara 'yan kwanaki. Ta bangon kicin ina jin Tela tana yi masa magana, ƙasa-ƙasa, doguwa, ba irin wadda ta saba ba. Ban ji kalmomin ba, ko da yake na matsar da kujera. Abin da na ji shi ne yana amsawa, ba "uhm" ba, magana sosai. Da na tsokane ta daga baya sai ta ce, "Yanzu? Da aka gama cin kasuwa?" Ta ci gaba da taka keke. Da hantsi ya cika, tana tsakiyar ɗinkin rigar wata yarinya. Allah ya jiƙansa, ya bar ni ba abokin faɗa.

Daga ofis aka aiko mutum biyu gaisuwa, shugabansu ya yi tafiya. Ɗaya ya ce marigayin ya yi hidima, ɗayan yana duba waya.

Bayan an watse, wata safiya Tela ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da mayafinta a kafaɗa. Wai tana so a ba ta takardar mijinta. Na ce ba za ni bari ta je ita kaɗai ba, ni ma ban taɓa ganin wurin ba.

A ƙarƙashin ƙasa ɗakin yake, ba taga, sanyi kamar cikin firji. Kantoci na ƙarfe a jere, akwatuna masu ruwan toka iri ɗaya tun daga ƙasa har sama. A ƙofa aka karɓe mana jaka da ruwan sha. Mai Tabarau ta zaunar da mu a wani dogon tebur, ta ce takardar ba ta fita, ta gidan ce yanzu, amma ana iya gani.

"Mijina ne ya rubuta," Tela ta ce.

"Na sani, Mama."

"Katinku bai sani ba."

Mai Tabarau ta kawo jakar kwali siririya ta buɗe a gabanmu. Ambulan ne ɗan ƙarami, ya yi ja-ja don tsufa, ya kumbura da abin da ke ciki. Rubutun na yaro ne mai son a yaba masa, kowane harafi da wutsiya. A kusurwa ga lamba da fensir.

Tela ta miƙa hannu, aka ce sai ta sa safar hannu. Aka ba ta farare, sun yi mata yawa, yatsun suna lilo. Ta juya ambulan ɗin, ta bi bakinsa da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, yadda take bin ɗinki ta ji ko ya kama.

"Ya manne ta da kyau," ta ce.

Mai Tabarau ta rufe jakar, ta mayar cikin akwati, ta tura shi a gurbinsa a kanta ta ƙasa. Fitilun layin masu kashe kansu ne idan ba motsi. Muna zaune, Tela ba ta cire safar ba, fitilun suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya daga can ƙarshen ɗakin.