Ofishin da Aka Kwashe wa Kujeru

Ni na fara gani. Kafin matarsa, kafin likita, kafin manyan kamfanin da suka zo daga baya suna jajantawa. Ranar da ɗana ya karɓi kwanon abinci ya ci a tsaye, bayansa jingine da ƙofa, na ce a raina an taɓa yaron nan. Ban yi boko ba, amma rijiya ta taɓa ruftawa da ni na fito da ƙafata. Ba a ɓoye mini abu.

Shugabancin sashe aka ba shi a kamfanin roba. Kafin ya kama aiki aka tura su horo, wani mai lasifika ya koya musu cewa jagora ba ya zama, gajiya kuma a kai take, ba a jiki ba. Suna dawowa aka kwashe kujerun ofishinsu ƙaf. Na je na gani: tebur mai tsawo har ƙirji, bango cike da hotunan waɗanda suka fi ƙwazo, nasa a can sama. Ma'aikata suna kiransa Turke. Shi a zatonsa yabo ne.

Abin ya biyo shi gida. Jikokina suka koma bitar karatu a tsaye, duk wanda ya ce ya gaji sai ya maimaita cewa shi na gaba ne har muryarsa ta dushe.

* * *

Surukata ce ta same ni a ɗaki, ta durƙusa. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura, sai an shafa mai takalmi yake shiga. Likita ya ce hawan jini ne, ya huta, shi kuwa ya zuba maganin a shara, wai mai shan magani ya riga ya sallama. Ta roƙe ni in yi masa magana, tunda ba ya tsallake tawa.

Da la'asar ya shigo. Ya dubi bakin gadona, ya daɗe yana dubawa, sannan ya zauna a hankali kamar mai sata.

"Baba," ya ce, "ni fa kamar na gaji."

Dariya na yi. Na ba shi labarin yadda a shekarunsa nake wuni a ƙarƙashin ƙasa ina haƙar rijiya, ruwa har wuya, in fito in nemi wani aikin.

"Gajiya? Kai jinina ne kuwa? Abu ɗaya zan gyara maka, in za ka ci abinci ka zauna, ci a tsaye rashin tarbiyya ne."

Ya ce haka ne, Baba. Ya dafa bango ya miƙe. Har gobe ina nan a kan bakana, gaskiya na faɗa masa. Ni haka aka raine ni, ga ni kuma da raina.

* * *

A taron safe ya faɗi, yana tsakiyar ja wa ma'aikata kirarin kamfani. Da manyansa suka zo asibiti sun ce samun irinsa sai an tona, za a riƙa ba da misali da shi a wajen horo. Kafin a sallamo mu an naɗa wani.

Yanzu ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, magana sai an kasa kunne. Surukata ta kama wankau a gidajen mutane, fitar safe dawowar magariba. Ni ke juya shi, ni ke goge masa yawu. In zai zaga, ni nake goya shi, ƙafarsa tana jan ƙasa, numfashinsa a wuyana. Jikokina sukan juya fuska bango har mu wuce.

Wai a unguwa ana cewa tsoho ya ƙare. Mai faɗar haka ya zo da hantsi, lokacin wanka. Ya gwada ɗaga mini yaron nan daga tabarma shi kaɗai, in gani.